Dattawan farin walki na birnin Jakson: me suke yi a zaurensu?

Baban Halima: Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai abin da ya tsaya mini a rai, na ce bari in kawo shi gaban manya. Shekara shida ke nan ina aikin jinya a Jakson, babban birnin jihar Misisipi a Amurka. Maƙwabcina wani dattijo ne baƙar fata, ya haura saba'in da biyar, tsohon direban motar 'yan makaranta. Daren da naƙudar Halima ta tashi, shi ya kai mu asibiti. Ban taɓa ganin aibunsa ba.

Watan jiya amininsa ya rasu, ya ce in raka shi jana'iza. Ina shiga sai ga maza sun fi talatin cikin baƙaƙen kwat da farar safar hannu, kowa ya ɗaura farin walki a ƙugu. Suka kewaye akwatin gawa, aka ɗora walkin mamacin a kai, kowa ya ajiye ɗan koren reshe. Gabana ya faɗi, don na gane alamar da ke jikin walkin: sukwaya da kamfas, da harafin G a tsakiya. Firimason ne.

A hanyar dawowa na tambaye shi ba ɓoye-ɓoye. Bai ji haushi ba. Sai ya karkata mota zuwa titin John R. Lynch, kusa da jami'ar Jackson State, ya tsaya gaban wani babban gini, ya ce mini iyayensu ne suka gina shi da kuɗin guminsu a lokacin da babu zauren da zai karɓi taron baƙar fata a garin. Ya ce su 'yan Prince Hall ne, kuma nasa ƙaramin zauren, wanda suke kira loji, yana ƙarƙashin wannan babban. Bai ce in shiga ba. Ya ce ma a al'adarsu ba a gayyatar mutum, sai shi ya nema.

To me ake yi a irin wannan wuri? Shi ne ƙungiyar asirin da muke ji tun muna yara? Kuma yaya zan ci gaba da zama da mutumin nan?

Abba Kurna: Innalillahi! Yaya, ka tattara iyalinka ka canja unguwa. Waɗannan su ne masu shan jini, su ke juya duniya. Alherin da yake maka tarko ne.

Kawu Ilu: Abba, sassauta. Ba a yanke wa mutum hukuncin shan jini daga Kurna alhali yana Misisipi. Wanda ya zauna da shi shekara shida ya ce bai ga aibunsa ba.

Baban Halima, tsoron da ya kama ka yana da tushe a wurinmu. Ina ƙaramin ma'aikaci a Kaduna a 1977 lokacin da gwamnatin soja ta Obasanjo ta hana ma'aikatan gwamnati zama 'yan ƙungiyar asiri. Abin da ake kuka da shi a lokacin shi ne alƙali da lauya da wanda ake ƙara su kasance sun sha rantsuwa ɗaya, talaka ya shiga kotu an riga an gama da shi. Har yau tsarin mulkin 1999, sashe na 38, ya ce 'yancin addini bai ba kowa damar kafa ko shiga ƙungiyar asiri ba, kuma ɗan irin wannan ƙungiya bai cancanci takarar gwamna ko shugaban ƙasa ba. Daga baya kuma ƙungiyoyin jami'o'i suka zo da gatari da zubar da jini, sai kalmar ta ƙara muni a kunnenmu. Mun zuba su duka a kwando ɗaya. Ko na maƙwabcinka ya dace da kwandon, sai masu ilimin tarihi su faɗa.

Malam Tukur: Wa alaikumus salam. Bari in fara da hukunci kafin tarihi ya ɗauke mana hankali. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka a 1398 bayan Hijira, wato 1978, ta yi nazarin Masoniyya, wato ƙungiyar Firimason, ta haramta wa Musulmi shigarta da kakkausan harshe. Ba mu kaɗai ba ne ma. Cocin Katolika ya hana mabiyansa tun 1738, ya sake nanatawa a 1983. Saboda haka maganar shiga a rufe take.

Maganar maƙwabtaka kuwa dabam ce. Haƙƙin maƙwabci bai faɗi don addininsa ko ƙungiyarsa ba. An wuce da gawar Bayahude, Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye, da aka yi masa magana ya ce, ashe ba rai ba ne? Ka ci gaba da gaishe shi, ka kai masa naman layya, ka duba shi in ya kwanta. Abba, ka ji tsoron Allah game da zargin mutum da abin da ba ka gani ba.

Abba Kurna: Allah ya gafarta Malam, na ji, na janye maganar jini. Amma ai kai ma ka ce haramun ce.

Malam Tukur: Na ce, kuma ban janye ba. Haramcin shiga bai halatta ƙage ba.

Malama Binta: Sannunku. Tarihi nake koyarwa, kuma wannan gini na titin Lynch sananne ne ga duk wanda ya karanta gwagwarmayar baƙaƙen Amurka. Ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

Prince Hall majemi ne a Boston, ɗan baƙar fata mai 'yanci a zamanin da ake sayar da 'yan'uwansa a kasuwa. Zaurukan Turawan garin ba su karɓar baƙi. Ranar 6 ga Maris 1775 shi da wasu mutum 14 suka shiga ta hannun wani zaure na sojojin Birtaniya da ke sansani a can. Da sojojin za su bar Boston, sai suka bar musu izini mai iyaka: su riƙa taruwa, su yi jerin gwano a ranar bikinsu, su kuma binne mamatansu bisa tsari. Ku lura da wannan na ƙarshe. Jana'izar da Baban Halima ya gani tana cikin abubuwan farko da aka yarje musu, shekara 250 da suka wuce.

A 1784 babban zauren Landan ya ba su takardar shaida mai lamba 459, ta iso hannunsu a 1787. Sunan da suka zaɓa wa kansu shi ne Zauren Afirka. A lokacin da kalmar Afirka ta zama abin gori, su suka rubuta ta a ƙofarsu.

Me suka yi da shi? A 1777 Prince Hall yana cikin waɗanda suka kai wa majalisar Masacusets takardar neman a soke bauta. A 1787 ya kai ta neman makaranta ga 'ya'yan baƙaƙe, yana cewa suna biyan haraji kamar kowa. Ba a ba su ba, daga baya suka buɗe tasu a cikin gida. A 1788 aka yaudari baƙaƙe uku 'yantattu aka shigar da su jirgin ruwa da sunan aiki, aka tafi da su tsibiran Karebiyan don a sayar. Ɗaya daga cikinsu ɗan zauren ne. Hall ya sake kai ƙorafi, hayaniya ta tashi, a shekarar jihar ta yi dokar hana fataucin bayi, mutanen uku kuma suka dawo gida. Ya rasu a 1807, daga baya aka sa wa tafiyar sunansa.

Na Misisipi kuwa wani limamin coci ne, Thomas Stringer, ya kafa na farko a Vicksburg a 1867, shekara biyu kacal bayan ƙarshen yaƙin basasar Amurka. Ginin da aka nuna maka an buɗe shi a 1955, kuma wanda ya yi jawabin buɗewa shi ne Thurgood Marshall, lauyan da ya ci shari'ar 1954 da ta soke wariyar launi a makarantun gwamnati, wanda ya zama baƙar fata na farko a Kotun Ƙoli a 1967. Shi ma ɗan Prince Hall ne, kuma zaurukansu sun riƙa tara kuɗi ana biyan shari'o'in ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata. A cikin ginin nan ofishin Medgar Evers yake, wakilin ƙungiyar a jihar. Aka harbe shi a ƙofar gidansa ranar 12 ga Yuni 1963, kuma a zauren nan dubban mutane suka yi masa jana'iza, har da Martin Luther King. Wanda ya kashe shi sai 1994 aka same shi da laifi.

Dalilin da ya sa ginin ya iya ɗaukar wannan nauyi shi ne nasu ne. Babu Baturen da zai ce ku fita, na fasa ba ku haya.

Baban Halima: Malama, Allah ya saka da alheri. Na sha wucewa ta wurin, ban san ƙasar da nake takawa ba. Dattijon ya ce mini yana yaro matashi ranar jana'izar Evers, yana tsaye a waje cikin zafin rana don ciki ya cika. Da yake faɗa, idonsa ya kawo ruwa.

Gwani Magini: Ni abin da ya ja hankalina kayan aikin ne. Sukwaya, kamfas, lebur, igiyar awo, cokalin gini, walki. Ai waɗannan kayana ne, suna cikin buhuna yanzu haka! Yaya aka yi suka zama kayan asiri?

Malama Binta: Gwani, daga sana'arku abin ya samo asali. Maginan dutse na Ingila da Sikotlan a zamanin da suna da ƙungiyoyinsu, da rumfar da suke taruwa a gefen gini, da kalmomin da baƙon magini zai faɗa a gane ya ƙware. Sannu a hankali waɗanda ba magina ba suka riƙa shiga, har suka rinjaye su. A 1717 zauruka huɗu suka haɗu a Landan suka kafa babban zaure na farko. Gini ya tafi, kayan aikin suka zama misali: sukwaya ta daidaita mu'amala, kamfas ya yi wa son rai iyaka, lebur ya nuna kowa daidai yake. Matakansu uku ne, ɗan koyo, abokin sana'a, sai gwani.

Gwani Magini: To ai wannan na gane shi sarai. Mu ma haka muka taso a Zariya. Yaro zai shekara yana kwaɓa ƙasa yana miƙa tubali kafin a bar shi ya hau katanga. Yadda ake jera azara a ɗaure bakan gizo, da yadda ake haɗa makuba ta kama bango, ba a faɗa wa kowa a kan titi. Uba ke nuna wa ɗa. Muna da Sarkin Magina, in magini ya ci amanar mai gida gabansa ake kai shi. Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya, har yau zuriyarsa ana girmama su da wannan. Amma mu sirrinmu yana tsaye a bango, kowa yana gani, yana shiga yana salla a ƙarƙashinsa. In an cire ginin, sirrin me ya rage? Wannan ne bai kwanta mini ba.

Ɗan Damagaram: Gwani ya taɓo wurin. Malama, da girmamawa, kin nuna mana fuska guda. Mu nan Nijar da muka yi zama da Faransa mun san ɗayar. Omar Bongo na Gabon ɗan ciki ne, ɗansa Ali ya gaje shi a mulki ya kuma zama shugaban babban zauren ƙasar. Sassou Nguesso na Kwango haka. Shekara da shekaru ana maganar yadda manyan Faransa da shugabannin ƙasashenmu suke haɗuwa ta wannan ƙofa su gama magana ba da sanin talakawa ba. A Italiya, 1981, 'yan sanda suka gano jerin sunaye 962 na zauren P2 a wajen shugabansa Licio Gelli, akwai ministoci da janar-janar da shugabannin leƙen asiri, har gwamnati ta faɗi. Wannan ba tatsuniya ba ce. Ƙofar da aka rufe, mai rauni zai iya fakewa bayanta, mai ƙarfi ma zai iya ƙulla makirci bayanta.

Malama Binta: Ban musa ko ɗaya ba, ɗan'uwa. A Amurkan ma, a 1826, wani William Morgan ya ce zai buga asiransu a littafi, aka sace shi a jihar Niyok, ba a sake ganinsa ba, har aka kafa jam'iyyar siyasa sukutum don adawa da su. Abin da nake cewa shi ne Masoniyya ba ta da sarki ɗaya da ke ba duniya umarni. Kowane babban zaure cin gashin kansa yake. Hujjar ma tana cikin labarin nan: fiye da shekara 200 zaurukan Turawan Amurka suna cewa na baƙaƙe haramtattu ne. Sai 1989 na jihar Konetikat ya amince da su, na Ingila kuma ya amince da na Masacusets a 1994. Mutanen da aka hana su shiga ta ƙofar gaba a garinsu, da wuya a ce su ke juya duniya.

Hajiya Maman Sadik: Ni tambayata ta mata ce. Maza sun rufe ƙofa sun sha rantsuwa. Matar da aka bari a gida fa, me ta samu? Baban Halima, matar mamacin nan, ka ga halin da take ciki?

Baban Halima: Hajiya, wannan shi ne abin da ya fi taɓa ni. Layinmu ɗaya da ita. Tun rasuwar, duk Asabar sai na ga biyu daga cikinsu sun zo, wannan ya yanke ciyawa, wancan ya gyara famfo ko ya kai ta kasuwa. Dattijon ya ce suna da littafi mai sunan kowace bazawara ta zauren, da wanda aka ɗora wa dubata. Kowane wata kowa yana biyan kuɗin ƙa'ida, akwai ma'aji, akwai magatakarda, ana karanta lissafi a gaban kowa. Daga ciki suke taimaka wa yaran unguwa da kuɗin shiga jami'a. Matan kuma suna da nasu ɓangaren, Tauraruwar Gabas, sun sa fararen kaya ranar jana'izar.

Zan faɗi abin da ya sa nake jin abin a ƙirjina. Bara wani ɗan'uwanmu direba ya rasu a wani gari kusa da mu, bai da kowa a ƙasar. Kwana tara gawarsa tana ɗakin sanyi muna bin mutane a waya muna roƙon kuɗin kabari. Musulmi, wanda ya kamata a kai shi makwancinsa a ranar. Wasu suka yi alkawari suka kashe waya. Da muka gama, kowa ya watse, ba mu san halin da matarsa da 'ya'yansa suke ciki a gida ba. Da na ga mutanen nan sun jeru a kan ɗan'uwansu, kowa ya san inda zai tsaya, wallahi kunya ce ta kama ni kafin tsoro.

Alhaji na Kumasi: Allah ya jiƙansa. Ɗana, abin da ka gani a wurinsu mun gada, sakaci muka yi. Kakana fatauci ya kawo shi Kumasi, cinikin goro. A zango, baƙo in ya sauka yana da maigida. Maigida zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa a ciniki, in ya mutu ya yi masa sutura ya aika da kayansa gida har Kano ko Sakkwato. In rigima ta fi ƙarfinsa akwai Sarkin Zango. Ba rantsuwa, ba rufe ido. Amma duk abin a kan mutum ɗaya yake. Ranar da maigida ya faɗi, gidan ya watse, 'ya'ya su sayar. Su waɗannan da kake faɗa, mai kafawa ya mutu tun 1807 abin yana tafiya. Bambancin littafi ne da zaɓe da gini na kowa da kowa.

Abba Kurna: To in haka ne, Malam, mene ne aibun? Na ma taɓa jin cewa akwai manyan malaman Musulunci da suka shiga.

Malam Tukur: Gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Amir Abdulƙadir na Aljeriya, wanda ya yaƙi Faransa shekara da shekaru ya kuma kare Kiristocin Dimashƙa a 1860, an shigar da shi a 1864. Jamaluddin Afgani da Muhammad Abduh sun shiga a Alƙahira a shekarun 1870, suna neman hanyar gyaran siyasa. Daga baya Misra kanta ta rufe zaurukan a 1964. Aikin malami ba hujja ba ne, shi ma hujja ake nema masa.

Aibun yana wurare uku da suke haɗe. Ana rufe wa mai shiga ido, a sa masa igiya, a durƙusar da shi gaban wani teburi mai littafin addini, ya rantse zai ɓoye abin da bai riga ya sani ba. Musulmi ba ya ɗaukar alkawari a kan duhu. Sannan akwai addu'o'i da bukukuwa da aka tsara don Kirista da Bayahude da Musulmi su yi tare, ana kiran Ubangiji da suna ɗaya da kowa zai fassara yadda ya so. Su a wurinsu wannan shi ne abin alfahari, mu a wurinmu ibada ba a ƙirƙirarta. Sai kuma 'yan'uwantaka ta musamman da ke iya sa ka fifita wanda kuka sha rantsuwa a kan mai gaskiya, abin da Kawu ya ambata.

Taimakon bazawara da maraya kuwa, da tsaya wa wanda aka zalunta, namu ne tun kafin a kafa zauren Landan ɗin. Kafin annabci, Manzon Allah (SAW) ya halarci Hilful Fudul a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, inda kabilun Makka suka yi alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta har a mayar masa da haƙƙinsa. Bayan Musulunci ya ce da za a kira shi zuwa irinsa da ya amsa. Wancan alkawari a fili aka yi shi, kowa ya san abin da ke ciki. Labarin gawar da ta kwana tara ya hana ni sukuni tun da na karanta. Wannan farali ne na kifaya, in aka bari kowa ya ɗauki zunubi.

Malama Binta: Akwai wani labari da ya haɗa Misisipi da zauren Boston da mu. Abdurrahman ɗan Ibrahima Sori, Bafulatani ɗan sarkin Futa Jalon, an kama shi a yaƙi a 1788 aka sayar da shi a Natchez, cikin jihar da Baban Halima yake zaune. Shekara 40 yana bauta a gonar auduga. Wasiƙar da ya rubuta da Larabci ta kai ga Sarkin Maroko, maganar ta dawo har fadar shugaban Amurka, aka sake shi a 1828. Sai ya shiga yawon biranen arewa yana neman kuɗin fansar 'ya'yansa. Da ya isa Boston, baƙaƙen garin suka yi masa jerin gwano da liyafa, kuma cikin waɗanda suka yi jawabi akwai David Walker, ɗan Zauren Afirka, shahararren mai yaƙi da bauta. Kuɗin bai isa ya fanshi duka ba. Ya tashi zuwa Laberiya da matarsa, ya rasu a Monrobiya a 1829 bai kai garinsu Timbo ba. Dattijo Musulmi baƙo, ba shi da kowa, waɗanda suka tarbe shi su ne kakannin tafiyar maƙwabcin nan.

Ɗan Damagaram: Allahu akbar. Wannan ban taɓa ji ba. Ina nan kan bakana game da na manyan ƙasashenmu, amma na yarda ba a auna dattijon nan da mudunsu. Mu ma muna da fada a kowace unguwa ta Zinder da Yamai, samari suna shan shayi har dare, in ɗaya zai yi aure ko ya kwanta asibiti a haɗa masa. Zamanin Shugaba Kunce an raya ƙungiyar matasa ta Samariya, har gine-gine aka yi mata. Da gwamnatin ta wuce, abin ya bi ta, don daga sama aka ɗora shi.

Kawu Ilu: Su ma fa ba a tsaye suke kamar da ba. Zaurukan Turawan Amurka sun haura mutum miliyan 4 a 1959, yau ba su kai miliyan ɗaya ba. Baban Halima, cikin talatin ɗin da ka gani, matasa nawa ne?

Baban Halima: Huɗu ko biyar, Kawu. Sauran duk furfura. Dattijon da kansa ya ce jikokinsa ba su da sha'awa, kuma abin da ke damunsa shi ne wa zai ɗaura walki ranar tasa.

Na gode muku duka. Jiya bayan Isha na zauna da limaminmu na karanta masa abin da Malam Tukur da Alhaji suka rubuta. Mun tsayar da Asabar mai zuwa bayan Azahar, mu goma sha ɗaya da muka yi wahalar gawar bara, za mu buɗe asusun jana'iza a ƙarƙashin masallaci, a fili, da sunan kowa da abin da zai riƙa bayarwa duk wata. Na tambayi dattijon ko zai nuna mana yadda suke tsara littafin ma'aji da na zawarawa. Ya ce wannan ba ya cikin abin da suka rantse a kai, zai zo da tsohon littafi mara rubutu ya zana mana layukan. Malam, akwai laifi a wannan?

Malam Tukur: Babu. Ku karɓa ku gode masa, ku ba shi shayi. Ku sa mutum biyu su riƙa sa hannu kafin a fitar da ko sisi, kuma a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata.

Hajiya Maman Sadik: Kuma kada ku rufe ƙofa ku bar mata a waje. Wankan gawar mace mu za mu yi, zaman takaba mu muka san shi. Ku sa Maman Halima da wata a cikin masu riƙe littafin. Sannan matar direban nan da ke gida, a nemo lambarta, sunanta ya zama na farko a shafin.

Baban Halima: In sha Allahu, Hajiya. Akwai ɗan garinsu a cikinmu, yanzu zan kira shi.